Gargaɗi ga 'yan kasuwar Kumasi kan masu tallar "lamba ɗaya a Google"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a, musamman na Aboabo, Asawase, Alabar, Kejetia da Suame Magazine. Akwai wata damfara da ke bibiyar duk wanda ya buɗe wa kasuwancinsa shafin intanet, ko ya sa shagonsa a taswirar Google. Yawanci da saƙon WhatsApp take farawa, ko kira daga lambar da ba ka sani ba. Mai maganar zai ambaci sunan shagonka daidai, ya faɗi unguwarku, ya ce ya duba shafinka ya tarar da kurakurai bila adadin. Daga nan sai romon baka: ka tura kuɗi ta MoMo yau, nan da mako guda duk wanda ya nemi irin kayanka a Google kai zai fara gani. Kada sanin sunanka da lambarka ya ruɗe ka, Alhaji. Suna jikin allon shagonka, suna shafinka na Facebook, kowa na iya kwasa.

Aikin gyara shafi domin ya riƙa fitowa a bincike, wanda ake kira SEO, sana'a ce ta halal, kuma akwai masu yin ta da amana a garin nan. Amma Google da kansa ya rubuta a jagorarsa cewa babu mai iya ba da tabbacin matsayi na farko, ya kuma ce a yi hattara da mai irin wannan alkawari ko mai da'awar yana da wata alaƙa ta musamman da kamfanin. Dalilin a fili yake. Ba jeri ɗaya kowa ke gani ba. A binciken kasuwancin unguwa, Google na duba abu uku: dacewar sana'arka da abin da aka nema, nisan shagonka daga mai neman, da yadda aka san ka. Wanda ke tsaye a Asawase yana neman tela, da wanda ke Bantama yana neman telan, sakamakonsu ba zai zo ɗaya ba. To lamba ɗayan wa aka sayar maka?

Wani zai ce maka ai Google na da ofis a Accra, daga can yake kira. Gaskiya ne kamfanin ya buɗe cibiyar bincike kan ƙirƙirarriyar basira a Accra a 2019, amma ba wurin sayar da matsayi ba ne. Sa shago a taswira ta hanyar Google Business Profile kyauta ne, ba a biyan kuɗin sabuntawa, ba a kuma cire shago don bai biya ba. Duk wanda ya kira ya ce za a goge ka daga taswira gobe in ba ka biya ba, kashe wayarka.

Abin da ke sa mutane masu wayo su faɗa shi ne "hujjar" da ake nuna musu bayan sun biya kason farko. Zai turo hoton allon waya, ga sunan shagonka a sama. Dubi abin da ya rubuta a akwatin bincike. Sau da yawa cikakken sunan shagonka ne da sunan unguwa, wanda dama kai kaɗai ke da shi a duniya; ko bai taɓa komai ba a nan za ka fito. Ko kuma wata doguwar jimla mai kalma takwas da babu mai saye da zai taɓa rubutawa. Wanda ya san sunanka ya riga ya zama naka. Wanda kake nema shi ne baƙon da ya rubuta "batakari Kumasi" ko sunan wani ƙarfen mota, bai taɓa jin labarinka ba.

Akwai wadda ta fi wannan ɓoyuwa. Ya karɓi kuɗinka, ya yanki ɗan kaɗan ya sayi talla a Google Ads, sai ga ka a can sama da gaske. Ka duba da kyau, za ka ga kalmar Sponsored a kan sakamakon. Wannan talla ce, ana cire kuɗi duk lokacin da aka danna, ranar da kuɗin ya ƙare kuma ka ɓace. A ranar zai dawo ya ce Google ya canza tsari, sai an ƙara wani abu. Talla ba laifi ba ce in ka san ita ka saya, a asusunka, kana ganin abin da aka kashe. Laifin shi ne a sayar maka da hayar kwana uku da sunan mallaka.

Gwajin ba shi da wuya. Ka sa ɗan uwanka da ke wata unguwa ya nemi kayan a wayarsa, ba tare da sunan shagonka ba. Mafi inganci kuma ka buɗe Search Console, wanda shi ma kyauta ne, da imel ɗinka. A can Google ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ka, sau nawa aka nuna shafinka, sau nawa aka danna, da matsakaicin matsayinka, har na watanni 16 baya. Ma'aikacin da ke ƙin ka ga wannan, yana turo maka rahoto mai launi-launi da shi ya haɗa, akwai abin da yake ɓoyewa. Haka in ya dage da wani maki wai Domain Authority ya tashi: wannan ma'aunin wani kamfani ne mai suna Moz, Google ba ya aiki da shi, kuma ba ya kawo mai saye ko ɗaya bakin shago.

Sai masu sayar da mahaɗai, wato link da ake dannawa a tafi wani shafi, a buhu: dubu biyar, dubu goma, a farashin da bai kai kuɗin abincin rana ba. Mahaɗi daga wani shafi zuwa naka tamkar shaida ce, kuma shaidar mutumin kirki ɗaya ta fi ta 'yan haya dubu. Waɗannan na'ura ce ke watsa su a shafukan shara da sassan sharhi da ba mai karantawa. Tun 2012, da sauyin tsarin bincikensa da aka sa wa suna Penguin, Google ke yaƙi da su. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a yi watsi da su, kuɗinka ya tafi a banza. Mafi muni, a hukunta shafin ya nitse, sai an bi an tsaftace an nemi a sake dubawa, aikin makonni ko watanni. Wanda kuma ya ce zai cusa maka kalmomin bincike a wani ɓoyayyen layi na shafi, ka sani tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya duba wannan layin na kalmomi wajen jera sakamako. Haka sayen yabon ƙarya, taurari biyar-biyar daga mutanen da ba su taɓa taka Kumasi ba, ko cika sunan shago da kalmomi irin su "mafi araha a Ghana". Duk sun saɓa ƙa'idar Google, kuma kan iya jawo a dakatar da shagon daga taswira gaba ɗaya. Shi ya riga ya karɓi nasa. Kai ne za ka zauna da asarar.

Amma duk wannan asarar kuɗi ce, ana iya mayarwa. Abin da ya fi damun mu shi ne mukullai. Babu ɗan kasuwar da zai miƙa wa baƙo mukullin shagonsa da takardar haya don ya zo yi masa fenti, amma a intanet kullum ana yin haka, saboda mukullan ba sa kama da mukulli.

Na farko shi ne adireshin shafin, wato domen, sunan nan da ke ƙarewa da .com ko .com.gh. Haya ce ta shekara-shekara, kuma wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan rajista shi ne mai shi, ko da kai ka biya. Kuɗin .com bai cika wuce dala 10 zuwa 20 a shekara ba. In ɗan damfara ya yi rajista da sunansa, shekara na zagayowa zai yanka maka farashin da ya ga dama. Ka ƙi, ya kashe shafin, alhali adireshin na jikin allonka, katinka, ledojinka da motar kai kaya. In kuma ya yi layar zana ya bar shi ya mutu, akwai ɗan wa'adin sabuntawa, sannan kwana 30 na fansa da tara mai tsada, bayan nan a sake shi kasuwa kowa ya saya. Akan wayi gari adireshin da aka san mutum da shi shekaru ya koma shafin caca. Ka nemi shiga asusun kamfanin rajistar da kanka, ka ga sunanka da imel ɗinka da idonka. In za a mayar da shi hannunka daga wani kamfani, akwai lambar canja wuri da ake kira EPP, dole mai riƙe da shi ya ba ka. Ka kuma san cewa sabon domen kan kasance a kulle kwana 60 kafin a iya ɗauke shi.

Na biyu shi ne bayanin shagonka a taswira. A nan ake satar da ta fi ciwo, domin ba a ganin ta da wuri. Za a kira ka a ce Google zai turo wata lamba, ka karanto ta don a tabbatar da shagon. Wannan lambar daidai take da PIN ɗin MoMo, ba a faɗa wa kowa. Ko imel ya shigo ana neman izinin mallakar shagon, ka danna amincewa ba ka karanta ba. Da ɗan damfarar ya zama mai shi, sai ya canza lambar wayar da ke jiki. Hoton shagonka ne, sunanka ne, yabon da abokan cinikinka suka rubuta ne, amma kiran wajensa yake zuwa. Hajiya mai sayar da atamfa da leshi tana zaune tana mamakin yadda waya ta yi shiru, can kuwa ana karɓar kuɗin kafin alƙalami da sunanta, ba a aika kaya. Ranar da waɗanda aka cuta suka zo, ƙofarta za su tsaya.

Matakan iko a kan bayanin shago a taswira uku ne: babban mai shi, mai shi, da manaja. Ka riƙe na farko da imel ɗinka, wanda ka sa masa tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka. Ma'aikaci manaja ya ishe shi, zai iya sa hotuna, gyara lokutan buɗewa da amsa sharhi. In ka riga ka ba wani matsayin mai shi bisa kuskure, kada ka jira gobe: sabon shiga sai ya yi kwana 7 kafin ya iya cire wasu ko mayar da babbar mallaka, don haka ka shiga sashen "People and access", wato mutane da izini, ka cire shi tun wa'adin bai cika ba. In ya riga ya ƙwace, ka nemi mallaka ta hanyar Google. Ana ba mai riƙe da shi kwana 3 ya amsa, in ya yi shiru ana iya ba ka damar tabbatarwa, sau da yawa ta bidiyon da ke nuna allon shago, titi da cikin wurin. Ka tanadi takardar rajistar kasuwancinka da adireshinka na GhanaPostGPS.

Na uku shi ne kalmar sirrin cikin shafin da ta wurin ajiyarsa. In da WordPress, manhajar gina shafi, aka yi shi, a buɗe wa ma'aikaci asusunsa daban, a goge in ya gama. Wasu kan dasa ɓoyayyun shafuka na caca ko magunguna a cikin naka, suna sayar wa wasu mahaɗai da sunanka. Ka rubuta site: a Google, ka liƙa adireshinka ba tare da tazara ba. Shagon da ke da shafi goma in ya nuna ɗaruruwa, wasu ma da harshen da ba ka sani ba, an shiga.

Aikin gaskiya ba ya da wani sirri, shi ya sa mai yin sa ba ya jin tsoron bayani. Zai tambaye ka me kake sayarwa, su wa ke saye, da wane suna suke kiran kayan, domin mai neman waakye ba zai rubuta shinkafa da wake ba. Zai ba kowane irin kaya shafinsa, da take mai ɗauke da sunan kayan da garin. Zai rage nauyin hotuna, tunda masu sayenka da waya suke shiga, da data da suka saya da kuɗinsu, kuma fasalin waya Google ke dubawa. Zai daidaita suna, adireshi da lamba su zama iri ɗaya a shafi, taswira da Facebook. Zai ce ka roƙi masu sayenka na gaske su rubuta abin da suka gani. Zai kuma faɗa maka cewa sai an yi haƙuri: Google na cewa akan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfanin aikin.

Kafin sidi ɗaya ya fita, a rubuta yarjejeniya: abin da za a yi, a wane wata, da cewa domen, shafi da taswira naka ne. Ka nemi lambobin mutum biyu da ya yi wa aiki a Kumasi, ka je shagunansu da ƙafarka, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka biya kashi-kashi bayan ka ga aiki. Wajen tura MoMo, sunan mai karɓa na fitowa kafin ka sa PIN. In ya bambanta da wanda kuke magana da shi, tsaya nan. In kuma saƙon amincewa da cire kuɗi ya faɗo wayarka ba kai ka nema ba, kada ka sa PIN.

Wanda abin ya riga ya same shi, kada kunya ta sa ya yi shiru, domin shirun ne ke ba su damar shiga shago na gaba. Ka fara canza kalmar sirrin imel, tunda da ita ake buɗe sauran, sannan ta domen da ta shafi. Kada ka goge hirarku. Ka ɗauki hotonta, da lambar cinikin da ke cikin saƙon MoMo. Ka kira kamfanin layinka nan take, 100 ga masu MTN, ka kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana ta lamba 292, da ofishin 'yan sanda mafi kusa. In an canza lambar wayarka a taswira, ka sanar a status ɗinka na WhatsApp da zaurukan 'yan kasuwar layinku a ranar, ka rubuta lambarka ta gaskiya, domin kada wani ya sake tura kuɗi da sunanka.