Sassaƙar cocin Kilpeck a cikin kwali: abin da mai saye zai samu da abin da zai rasa

Kayan da nake son yin magana a kansu kwali ne guda mai ɗauke da kwaikwayon sassaƙa shida na filasta, waɗanda aka ɗauko siffarsu daga jikin wani tsohon coci da ke ƙauyen Kilpeck a ƙasar Ingila, tare da ɗan littafi mai hotuna da ke bayanin ginin. Wani ƙaramin shago ne a can Ingila yake sayar da su ta intanet, ni kuma na saye su ne domin ajin zane da nake koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, inda muka daɗe muna zana tulu da buta da kwalba har ɗalibai suka gaji, ni ma na gaji. Ra'ayina a kansu shi ne, kaya ne masu kyau ga wanda yake son horar da ido da hannu, amma wanda ya saye su da nufin ya fahimci ginin da suka fito daga cikinsa zai ga an ba shi rabin abin da yake nema.

Kilpeck ƙaramin ƙauye ne a gundumar Herefordshire, kusa da iyakar Ingila da Wales. Bayan da Normawa suka tsallako daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, sarki William ya rarraba ƙasa ga mutanensa, kuma babban kundin ƙidayar dukiya da ya sa aka rubuta a 1086 ya nuna cewa Kilpeck tana hannun wani mai suna William fitz Norman. Ɗansa, Hugh, shi ake dangantawa da gina cocin a wajen shekarar 1140, dab da gidan yaƙin da iyalin suka kafa a kan tudu, wanda yau kufansa kawai ya rage. An sa wa cocin sunan Maryamu da waliyyi Dauda, yankin kuma ya daɗe yana tsakanin al'ummu biyu, Ingilawa da mutanen Wales. Ba babbar majami'ar birni ba ce, cocin unguwa ne na manoma da mai gidansu, kuma wannan ne ya sa yawan sassaƙar da ke jikinsa yake ba mutane mamaki.

Tsarin ginin mai sauƙi ne, kashi uku a jere daga yamma zuwa gabas: zauren da jama'a ke tsayawa, sai sashen masu jagorancin ibada wanda ya fi shi ƙanƙanta, sai ƙuryar gabas mai siffar rabin da'ira inda bagade yake. Da jan dutse mai yashi-yashi na yankin aka gina shi, kuma bakunan ƙofofi da tagoginsa na asali duk zagayayyu ne, kamar yadda salon ginin Normawa yake kafin a fara yin masu tsini. A waje, can ƙarƙashin bakin rufi, akwai jerin duwatsu da suka ɗan turo kai suna tallafe da layin dutsen da ya kewaye ginin, kuma kowane ɗaya an sassaƙa masa siffa tasa ta daban. Guda 85 ne suka rage har yau. Daga cikin waɗannan duwatsun tallafi ne aka ɗauko huɗu na cikin kwalin, sauran biyun kuma daga ƙofar kudu.

Wanda ya fi kowanne kyau a cikin kwalin shi ne na karen farauta da zomo. An sassaƙa su kafaɗa da kafaɗa suna kallon gaba, karen da kunnuwa a faɗe da idanu dara-dara, zomon da kunnuwa a miƙe, babu mai alamar gudu, babu mai alamar kamu. Mai zubin ya yi aikinsa da kyau a nan, domin idan aka juya shi wajen taga ana ganin ramin da aka huda a tsakiyar ƙwayar kowane ido, da 'yan layukan da ke kewaye da fatar idon, har da ƙwarzanen da ɗaruruwan shekaru suka bari a kan hancin karen. Abin da ya sa yake da amfani a aji shi ne yadda mai sassaƙar ya rage komai zuwa ƙwallo da da'ira da layi mai lanƙwasa. Ɗalibin da ya kasa zana kare mai rai saboda gashi da motsi sun ruɗa shi yana iya kama wannan cikin zama ɗaya, kuma daga nan ya gane cewa kan dabba siffofi ne kaɗan da aka haɗa. Wata ɗaliba ta daɗe tana juya shi a hannunta, sannan ta ce, "Malam, ai wannan katun ne, anya ba kwanan nan aka yi shi ba?" Ban ga laifinta ba, domin mutane da yawa da suka fi ta shekaru sun yi irin wannan tunani.

Na biyu shi ne makaɗi mai riƙe da abin kiɗa mai tsirkiya da ake gogawa da baka, ɗan'uwan gogenmu. A nan zubin ya ɗan gaza, saboda kumfar iska ta bar ƙananan ramuka a kan yatsunsa, kuma layin da ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu ya fito a gefen fuskarsa ba a goge shi ba. Na uku kan rago ne mai murɗaɗɗun ƙahoni, mai tsabta, ba shi da abin cewa. Na huɗu shi ne ɗan ragon da ke ɗauke da gicciye, alamar Almasihu a al'adar Kirista, wanda duk wanda ya gan shi a ajinmu ya ce doki ne, kuma gaskiya ƙafafunsa da wuyansa sun fi kama da na doki. Wannan ba laifin mai zubi ba ne, haka asalin yake.

Guda biyun da aka ɗauko daga ƙofar kudu su ne suka fi nuna iyakar abin da kwali zai iya ɗauka. Ɗaya fuskar mutum ce da rassa da ganye ke fitowa daga bakinsa, daga saman ginshiƙin dama. Ɗayan kuma guntun jikin maciji ne mai kauri da ke murɗawa a gefen ƙofar. A jikin ginin, macizan nan dogaye ne, suna bin tsawon ginshiƙai suna cizon wutsiya, a gefen hagu kuma akwai mayaƙa biyu masu huluna masu tsini, ɗaya a saman ɗaya, sun sarƙe cikin igiyoyin ganye. A saman ƙofar akwai allon dutse mai siffar rabin da'ira ɗauke da itace mai 'ya'ya irin na inabi, wanda ake kira itacen rai, sannan bakuna biyu cike da tsuntsaye da kifaye da dodanni masu cizon gefen dutse, da mala'ika a tsakiya. Ƙarfin wannan ƙofa yana cikin yadda ido ke bin layi daga ƙasa ya haura ya zagaya ya sauko ba tare da ya tsaya ba. Idan aka yanko taƙi ɗaya na maciji aka ɗora a kan tebur, abin da ya rage ado ne kawai, kuma da shagon ya ba mu cikakkiyar ƙofar a ƙaramin sikeli maimakon waɗannan guntaye biyu, da ya fi mana amfani.

Akwai wata asara kuma da ta shafi duwatsun tallafin kansu. An sassaƙa su ne domin a kalle su daga ƙasa, mutum yana tsaye a waje ya ɗaga kai, inuwar bakin rufi na faɗa musu daga sama. Shi ya sa idanunsu suka yi girma, haɓarsu ta turo, goshinsu ya gajarce. A kan tebur, daidai tsayin ido, sai su zama kamar an yi kuskure wajen auna su, farin filastar kuma yana cinye inuwar da jan dutse ke riƙewa. Na kai biyu daga cikinsu Panteka aka yi mini ƙarfen rataya, na kafa su can sama da allo, kusa da silin, kuma a ranar ne makaɗin ya koma mutum mai fuska daidai. Babu inda takardar da ta zo da kayan ta ba da wannan shawara, alhali ita ce ta fi kowace muhimmanci.

Ɗan littafin yana da daraja a ɓangaren tarihi. Ya yi bayani mai gamsarwa a kan rukunin masu sassaƙa da masana ke kira makarantar Herefordshire, waɗanda aka ga hannunsu a wasu coci-coci na yankin, kuma ya nuna yadda suka gauraya salo daga wurare dabam-dabam. Kawunan dodannin da suka turo daga bangon yamma da harsuna a naɗe suna tuna wa mutum aikin mutanen arewacin Turai, su Viking. Waliyyan da aka jera uku-uku, ɗaya a kan ɗaya, a gefe biyu na bakan da ya raba zauren jama'a da sashen ibada, su kuma ana danganta su da abin da matafiya suka gani a hanyar ziyara zuwa Santiago de Compostela a Sifaniya. An san cewa wani babban mutum na yankin, Oliver de Merlimond, ya yi wannan tafiya, kuma shi ya gina cocin Shobdon da ke cikin gundumar. Labarin Shobdon ɗin ma darasi ne, domin a ƙarni na 18 aka rushe tsohon cocin, aka kwashe bakunansa aka kafa su a kan tudu a fili don ƙawa, ruwa da iska suka yi ta cinsu har siffofin suka dushe. Kilpeck kuwa ƙauyen ne ya ja baya, babu mai kuɗin da zai rushe ginin ya sake na yayi, sai ya tsira.

Inda littafin ya ba ni haushi shi ne wajen fassarar siffofin. Yana faɗin cewa wannan dabba tana nufin zunubi kaza, waccan tana nufin nagarta kaza, da tabbacin da ba shi da tushe, alhali masu sassaƙar ba su bar rubutu ba, ko sunayensu ba a sani ba. Mu a nan mun fi su sa'a a wannan fanni, tunda mun san sunan Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma magina na iya nuna maka yadda aka tayar da bakan gizo da azara da ƙasa. Kamata ya yi littafin ya bambanta abin da aka tabbatar da abin da ake zato. Bayan haka, babu zanen shimfiɗar ginin ko ɗaya a ciki, babu hoton rufin ƙuryar gabas inda haƙarƙarin dutse suka haɗu a tsakiya, abin da duk wanda ya san ɗaurin guga zai so ya gani ya gwada. Ba a kuma faɗi ko an rage girman zubin daga na asali ba, balle a ce da nawa aka rage. Ga mai koyar da zane ko gini wannan giɓi ne babba, kuma abin mamaki ne a ƙasar da ta daɗe da sanin wannan sana'a, ƙasar da gidan tarihin Victoria and Albert na Landan ya buɗe manyan zaurukan kwaikwayon filasta tun 1873 domin ɗalibai su koyi aikin da ba za su iya zuwa su gani ba.

Dole in faɗi wata magana domin garinmu ne, kuma mun san halinsa. Waɗannan siffofi ne na masu rai, an ɗauko su daga wurin ibada, don haka akwai gidaje da makarantu da ba za su karɓe su ba, kuma bai kamata malami ya shigo da su aji ba tare da ya sanar da shugaban makaranta ba. Ni na gabatar da su a matsayin kayan tarihi da nazarin siffa, kamar yadda muke nuna hotunan kawunan Nok da aka tono a kudancin jiharmu, kuma duk ɗalibin da ya zaɓi ya zana ganye da igiyar ado kawai na bar shi da zaɓinsa. Sannan a cikin duwatsun Kilpeck akwai wata sananniyar siffar mace tsirara da ba ta dace da aji ba. Shagon yana sayar da ita ita ma, kuma hotonta yana cikin littafin, saboda haka mai saye ya duba jerin da ya zaɓa da kyau, ya kuma duba littafin kafin ya miƙa shi ga yara.

Batun kuɗi, kayan kansu ba su yi tsada ba idan aka dubi aikin da ke jikinsu, amma filasta tana da nauyi, kuma kuɗin kawowa ta hannun masu jigilar kaya ya zarce kuɗin sayen. Naɗin da aka yi musu na aika kaya ne a cikin ƙasa ɗaya, ba na kwalin da zai sauka a Legas ya hau mota zuwa Kaduna ba, shi ya sa kan ragon ya iso da tsinin ƙaho ɗaya a karye, sai da na liƙa shi da gam. Da na rubuta musu sun ba da haƙuri cikin ladabi, sun ce za su aiko da wani idan na biya kuɗin jigila, wanda ya fi kuɗin ragon, don haka na haƙura da liƙaƙƙen. Wanda zai saya ya roƙe su tun farko su naɗe kowane ɗaya daban su sa kwali biyu. Filastar kuma ba a shafa mata komai ba, tana shan ƙurar hunturu ta koma ruwan ƙasa cikin ɗan lokaci, kuma goge ta da jiƙaƙƙen tsumma yana ƙara tura dattin ciki ne. Busasshen burushin fenti mai laushi ya isa, da damina kuma a nisanta su da bangon da ke tsatsafar da ruwa.