Kribi ko Limbe: ina za ku je cin kifin teku?

Wani ƙanenmu a wannan zaure ya yi tambaya: shi da abokansa za su taso daga Garwa a hutun Disamba su ga teku su ci kifi, sun rasa wanda za su zaɓa tsakanin Kribi da Limbe, garuruwa biyu na bakin teku a Kamaru. Ƙanena, ni dai Kribi zan ce muku, amma bari in jera maka su biyun ka gani da idonka.

Hanya kusan ɗaya ce har Yawunde: mota zuwa Ngawundare, daga nan jirgin ƙasa na dare. Mai zuwa Kribi zai bi ta Edea ya gangara kudu. Mai zuwa Limbe sai ya ratsa Duwala da cunkosonta, ya ƙara tafiyar kilomita 70 ko kusa da haka. Lokacin da kuka zaɓa ya yi daidai, damina ta ɗauke a wuraren biyu.

Abin da ya sa na fifita Kribi shi ne yadda ake cin kifin. Akwai matsayar kwale-kwale a unguwar Mboa Manga, bakin kogin Kienke, inda masunta ke sauke kamunsu. Kai da kanka za ka zagaya ka zaɓa. Ɗaga murfin kunnen kifin ka duba: in cikin ja ne jawur, idon garau bai dusashe ba, ka danna jikin ya dawo, to na yau ne. Ka yi ciniki sosai, don da an ji harshenka an san baƙo ne. Kana biya, sai ka miƙa wa matan da ke gashi a gefe. Za su kankare shi, su tsattsaga bayansa, su cusa masa niƙaƙƙen kayan yaji da tafarnuwa da citta, su ɗora kan garwashi kana kallo. A kawo shi a faranti ɗaya da soyayyar agada da miyondo, wato kullun rogo da ake naɗewa a ganye, kowa ya sa hannu. Ga ayarin abokai wannan tsari ya fi sauƙi, domin kuɗi ɗaya za ku haɗa ku sayi manya biyu ko uku, kowa ya ɗanɗani kowane iri.

Ku da kuka saba da giwan ruwa da ƙarfasa na tafkin Lagdo, ku nemi wanda suke kira bar da kuma sol, shi ne falalen nan mai laushin tsoka. Naman kifin teku ya fi tsauri kaɗan kuma ba shi da warin laka. Sannan kada ku dawo ba ku je Lobe ba, kilomita 7 kudu da gari, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. A nan ake soya jatan lande da tafarnuwa, ana ci a bakin ruwa, ƙafa cikin farin yashi.

Limbe kuma nata kyan daban ne. Yashinta baƙi ne, saboda tana gindin Dutsen Kamaru mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000. Tsohon gari ne, an kafa shi a 1858 da sunan Victoria, aka sauya masa suna a 1982. Wurin cin kifinta Down Beach ne, kuma da yamma yake cika: hayaƙin gashi ya turnuƙe, an jera kifi da ƙaguwa da jatan lande a tire, ka nuna wanda kake so a gasa maka. Gashinsu ba shi da makusa, yajinsu ma ya fi zafi. Bambancin shi ne a can yawanci daga tiren mai gashi kake zaɓa, ita ce ta riga ka zuwa wurin masunci. Ta fuskar wuraren kallo kuwa Limbe ta ɗara, akwai lambun itatuwa da aka dasa tun 1892 da gidan kula da birai da gwaggon biri.

Sai dai abubuwa biyu sun sa ba zan tura ku can a tafiyar farko ba. Turanci da Fijin (Turancin buroka) ake yi a can, ku kuwa Faransanci ne a bakinku. Na biyu ya fi nauyi: Limbe tana jihar Kudu maso Yamma, inda rikici ya ɓarke tun 2016. Garin kansa ya fi ƙauyukan yankin kwanciyar hankali, amma in kun nace, ku guji tafiyar dare da ta ranar Litinin, kuma ku tambayi wani mazaunin can kafin ku kama hanya.

Batun addini kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, har da ƙaguwa da jatan lande. Abin lura shi ne wurin zama, don a garuruwan biyu rumfunan kifi da yawa suna sayar da giya. Ku je da rana, ku zaɓi rumfar da ke gefe, ku tabbatar kifi kaɗai ake gasawa a kan wannan waya.

Wanda bai taɓa cin jatan lande ba ya fara da kaɗan, akwai masu jikin da ba ya karɓarsa, sai ƙaiƙayi da kumburin leɓe. In numfashi ya fara wuya a nufi asibiti nan take. Kuma don Allah, iya iyo a Binuwai ba ya nufin an iya na teku. Igiyar ruwa tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafa, ku tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ku yi wanka inda 'yan gari ke yi.