Kabejin Sin: yadda muka ƙare da shi a tukunya da randa

Pak Choi aka rubuta a jikin fakitin irin, amma mu kabejin Sin muke ce masa. Ƙanen maigidana ne ya sayo a Kano, aka zuba fangali biyu a lambunmu na nan Kura lokacin hunturu. Bai cika kwana 40 ba muka fara tugewa.

Ba ya dunƙulewa irin kabejinmu. Ganye kore shar a sama, gindi fari mai kauri, kin karya sai ki ji ƙas, ruwa ya fito.

Ranar farko a miyar taushe na zuba shi kamar alayyahu. Ya narke, ya tsinka min miya. Inna ta ɗanɗana ta ce, "'Yar nan, wannan ba ganyen dogon dahuwa ba ne." Gaskiyarta. Yanzu man gyaɗa nake zubawa ya yi zafi sosai, albasa, attarugu, tafarnuwa da citta, in fara jefa farin gindin na minti biyu, sannan ganyen minti ɗaya, in sauke. A kan dafa-duka ba a magana. Kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli ma ya yi, in an ɗan tsoma shi a ruwan zafi. Sai dai ki ɓare shi ganye-ganye wajen wanki, don yashi na maƙalewa a gindin.

Ajiya ce matsalarsa. A faranti kwana ɗaya ya yi yaushi, a ƙullin leda kuma ya yi ɗorawa ya fara ruɓa. Abin da ya cece ni randa cikin randa ce, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har kamfanin Rolex ya karrama shi a 2000. Jiƙaƙƙen yashi tsakanin randunan, a rufe da tsumma mai laima, a yayyafa ruwa safe da yamma. Ban wanke shi ba na saka, ya kwana biyar garau. Shanya kuwa kada ki gwada, ba kamar yakuwa yake ba, gindin baƙi ya yi min kafin ya bushe.

Zafin Maris na shigowa sauran ya fitar da fure ruwan ɗorawa, ganyen ya yi tauri. Baɗi na roƙi maigida a fara tun Nuwamba, rabin fangali duk mako biyu.