Akwatin giyoyin haɗa mutum-mutumi: kaya masu kyau, littafi mai ɓata darasi

Idan don koyar da lissafin giya za a saya wa ɗalibai wannan akwatin, kayan cikinsa sun wadatar. Akwai giyoyi masu haƙora 8, 12, 16, 20, 24, 36 da 40, ga sanduna masu huji da tazarar milimita 8 tsakanin huji da huji. Giya biyu za su ciji juna daidai a sanda ɗaya idan jimillar haƙoransu ta rabu da 16 ba saura. 8 da 24 sun zauna, 12 da 36 sun zauna, amma 12 da 24 ko yaro zai wuni yana dannawa, ko dai su matse ko su kasa taɓa juna. Littafin da ya zo da akwatin bai ambaci wannan ko a layi ɗaya ba.

Babban ƙorafina yana kan darasin hannun ɗaga kaya. Hoton littafin ya nuna a ɗora giya mai haƙora 8 a kan inji, ta tura mai 40, wato juyi biyar na inji ya ba da juyi ɗaya, gudu ya ragu ƙarfin murɗawa ya ƙaru. Lissafin daidai ne. Sai dai shaf ɗin babbar giyar, wato tsinken da ya ratsa tsakiyarta, a gefe ɗaya kawai aka tallafe shi, ɗaya bakin yana reto a iska. Haƙoran giya idan suna tura juna suna kuma neman ture juna baya, ga shaf na roba, ga zurfin cizon da bai wuce milimita 2 ba. Da an rataya wa hannun nauyi kaɗan sai shaf ya lanƙwashe, ka ji ƙaf-ƙaf-ƙaf, inji yana ta juyi hannu yana tsaye cak. Ɗalibin da aka ce ya ƙirga juyi zai samu bakwai ko tara inda allo ya ce biyar, ya fara zargin lissafin, alhali ginin ne ya gaza. In aka bar shi yana wannan tsallen, bakin haƙoran ƙaramar giyar zai side, kuma guda biyu rak aka saka a akwatin. Wannan rowa ce, tunda ita ce ke fara mutuwa.

Gyaran ba wuya. A ƙara sanda ta biyu a ɗaya gefen don shaf ya ratsa huji biyu, a ɗaure sandunan da wata a gicciye, a matso da giyar jikin sanda, a sa bushi, wato ɗan zoben da ake zurawa a shaf, ya tokare ta kada ta zame. Bushin kada a matse shi har ya kame shaf, a bar ɗan sarari kamar kaurin takarda. Idan kayan da nauyi, gara a rage gudun hawa biyu: 12 ta tura 36, a kan shaf ɗin nan wata 12 ta sake tura 36, a samu tara bisa ɗaya. Haka ya kamata a zana tun farko.

Giyar nan mai kama da tiredin noti kuwa ta burge ni, har na kusa yafe musu. Juyinta ɗaya haƙori ɗaya take matsarwa, don haka da giya mai 24 an samu 24 bisa ɗaya a ɗan lungu, kuma ko an kashe inji hannun ba ya faɗowa, saboda babbar giyar ba ta iya juya ta da baya. A sa yaro ya gwada murɗawa daga ɗaya ɓangaren ya ji ta ƙi, ba sai an yi dogon bayani ba. Darasin giyar tsakiya ma yana fita tsaf: biyu suna juyi saɓanin juna, a cusa ta uku a tsakani, ta farko da ta ƙarshe su fuskanci gefe ɗaya, gudun bai canja ba.

Amma ko a nan sai da haushin ya dawo. Ba a rubuta adadin haƙora a jikin ko giya ɗaya ba, ga su duk launi ɗaya, mai 20 da mai 24 sai an ƙirga. Dole malami ya bi su da alƙalamin maka yana rubuta lamba, ya kuma ɗiga wa haƙori ɗaya alama don ƙirga juyi, kuma a fara da murɗawa da hannu kafin a jona batir, don ido ba ya bin juyin inji.

Ga malamin da ya san giya, a saya, a nemi ƙarin masu haƙora 8 tun wuri. Wanda zai dogara da littafin shafi bayan shafi, ban ba shi shawara ba, sai in ya tsallake darasin hannun ɗaga kaya ko ya sake gina shi kafin ɗalibai su shigo.