Wasiƙa daga Arizona: yadda na haɗa wutar gida mai taya

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya zafin Kano?

Ka tambaye ni labarin motar da ka gani a hoto. Irinta ce Amurkawa ke kira RV: gida ne a kan taya, da gado da kicin da banɗaki. Tsohuwa na saya, na kuma shafe hutun ƙarshen mako uku ina fama da wutarta. Duk lokacin da na riƙe filaya sai na tuna shekarun da nake bin ka wajen wayarin ina riƙe maka tsani, kana yi mini faɗa.

Motar tana da hanyar wuta uku. In ka shiga sansanin da ake biya, akwai turke mai soket, ka jona, ko na amp 30 ko na amp 50. Wannan ce Nepar tasu. Sai janareta, wato jan, a ƙarƙashin motar. Ta uku ita ce wadda na ƙara: farantan sola a rufi, batir, da inbata mai wat 2000. Ka ga ke nan dole a sami cenji-oba, kamar dai wanda kake kafa wa mutane kusa da mita. Bambancin kawai, nasu ba mai hannu ba ne. Ƙaramin akwati ne, in ya ji jan ya tashi sai ya dakata kamar daƙiƙa 30 wuta ta daidaita, sannan ka ji "ƙwas", ya juya da kansa. Ba a tura yaro da tocila. Wasu inbatocin ma, irin MultiPlus na kamfanin Victron, da cenji-obansu da cajarsu a ciki suke zuwa, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfina.

Kaya kam, Yaya, sai wanda ya gani. Ka shiga Home Depot, babban kantin kayan gini da na wuta, kowace waya da lambarta a jiki, su yanka maka iya tsawon da kake so, in ka yi kuskuren saye ka mayar da risit su ba ka kuɗinka ba tare da rantsuwa ba. Ba ciniki, ba "nawa ka saya", har na yi kewar France Road ta Sabon Garin Kano. Lambar wayarsu kuma a juye take: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Tsakanin batir da inbata sai da na sa wadda suke kira 2/0, wajen sikwaya milimita 67 a lissafinku, kaurinta kamar ɗan yatsa. Dalili kuwa, batirin bolt 12 ne, in inbata ta ja wat 2000 to abin da ke bi ta wayar ya doshi amp 200. Dole ta zama gajera, da fis babba daf da kan batir.

Amma kada ka ɗauka nan babu jabu. Wayar farko ta intanet na saye ta, ganin ta yi arha. Da na fere bakinta na kankara da wuƙa sai ga fari a ciki: alminiyon ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe har nan.

Inda suka gaza mu shi ne hannu. Garejin da na fara zuwa, kuɗin aiki ya haura dala 100 a awa guda, kuma sai na jira makonni kafin layi ya zo kaina. Ko duba motar za su yi sai ka biya. Aikin da za ka gama tsakanin azahar da magariba, kana yi kana hira, a nan albashin mutum ne na sati. Shi ya sa kowa ke zama makanikin kansa.

Ni ma na zama, na kuma sha kunya. Ranar da na gama haɗawa, komai ya kama, fanka na juyi, ina ta murna. Kafin asuba batir ya kwanta, alhali firiji kaɗai na bari. Kwana biyu ina zargin batir. Ashe cajar motar ta asali, wadda ke cika batir in an jona wutar sansani, tana kan layin da inbata ke ciyarwa. Inbata ta zuƙi batir ta ba caja, caja ta mayar wa batir, a kowane zagaye ana asara, kamar mai ɗiban ruwa a rijiya da guga mai huji yana mayarwa. Wani dattijo Bature da muka yi maƙwabtaka a Quartzsite, garin hamadar da masu irin waɗannan motoci ke cika shi maƙil duk watan Janairu, shi ya leƙa ya nuna mini da yatsa. Na raba layin cajar, na mayar da ita ɓangaren turke da jan kaɗai, magana ta ƙare.

Shi ya kuma ja mini kunne a kan nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da wayar ƙasa. A cikin motar ba a haɗa su a allon wuta, sai a tushen wutar, wuri ɗaya tak. In kana kan turke, haɗin yana can wajensu. In inbata ke aiki, ita za ta haɗa, ta saki da zarar wutar waje ta dawo. In aka yi sakaci jikin motar kansa na iya ɗaukar wuta, ka taɓa ƙofa da ƙafa a jiƙe. Da mita na bi na auna kafin na yarda na kwanta.

Esi kuwa, na'urar sanyaya ɗaki, ban ma gwada shi a kan batir ba, sai jan.

Maganar inbatar da ka ce in aiko maka ta shago: ka yi haƙuri, ba rowa ba ce. Wutar nan bolt 120 ce, zagaye 60 a daƙiƙa, taku 230 ce, zagaye 50. In na turo, ko dutsen guga ba za ta yi maka da kyau ba. Gara in turo kuɗin ka saya a Sabon Gari, tun da kai ka san idon mai kyau. Abin da na saya maka shi ne mita mai maƙala a waya da abin matse kan kebul, suna cikin jakar da zan ba mai tahowa bayan salla.

A gaida Hajiya da yara, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka.