Tawadar Distress Oxide a kan takardar belam: ta yi kyau, amma sai da haƙuri

Masu haɗa katin gaisuwa da hannu sun san tawadar Distress Oxide ta kamfanin Ranger. A kan farin kati ba ta da matsala. A kan belam kuwa, takardar nan mai shara-shara, labarin ya sha bamban.

Belam ba ta shan tawada, sai ta zauna a sama. Nan ne daɗinta: launi biyu suna narkewa cikin juna ba tare da layi a tsakani ba. Nan ne kuma wahalarta, don yatsa ɗaya ya taɓa kafin ta bushe, tambarinsa ya zauna ke nan. A ɗauki tawada kaɗan da burushi mai laushi, a fara rage ta a kan wata takarda, sannan a shigo daga gefe ana murzawa a zagaye. A shafa a bayan belam ɗin. Ta gaba launin zai fito a tausashe kamar hazo, kuma ba zai goge ba.

Kada a fesa ruwa kamar yadda ake yi a kan kati, takardar za ta nannaɗe. Na'urar busarwa ma idan ta matso kusa sai ta yamutsa ta. A bar ta ta kwana ya fi. Belam mai kauri ta fi jurewa.

Wajen manna belam a kan kati, gam yana bayyana ta cikinta, don haka a lanƙwasa gefenta zuwa bayan katin a manna a can. Mai gaggawa dai ya nemi wata tawadar.