Hattara da masu sayar da madabod da murfi a kan soket

Jama'a, musamman masu haɗa kwamfuta da hannunsu da masu sayen kayan hannu ta intanet, akwai wata damfara da ke cin mutane a ɓoye, kuma wanda aka cuta shi ake ɗora wa laifi daga ƙarshe. Mutum zai saka hoton madabod, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta ke hawa, fes, ba ƙura ba tsatsa, ya rubuta cewa daga kwamfuta mai aiki ya ciro ta, ko ya ce sabuwa ce kwali kawai aka buɗe. Kuɗin da ya sa ya ɗan gaza na kasuwa, daidai yadda zai ja hankali ba tare da an yi zargi ba. A duk hotunan za ka ga baƙin murfin roba a rufe a kan soket, wato mazaunin firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ɓarnar tana ƙarƙashin murfin nan.

A da, alluran da ke haɗa firosesa da madabod a jikin firosesa suke. Intel, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ƙera firosesa, ta mayar da su cikin soket tun 2004 da soket ɗinta mai suna LGA 775. Abokiyar hamayyarta AMD ta daɗe ba ta bi ba a kwamfutocin gida, tsarinta na AM4 ma allurai 1331 ne a jikin firosesa, sai a 2022 ta fito da AM5 mai allurai 1718 a kan madabod. Soket ɗin Intel LGA 1700 kuwa sunanta ya faɗi adadin alluranta. Alluran soket sirara ne ƙwarai, a karkace suke kwance don su ɗan danne idan firosesa ta hau kansu, kuma a cunkushe suke a fili wanda bai kai tafin hannu ba. Firosesa ta suɓuce ta faɗa da gefenta, ko yatsa ya goga, ko zaren tsumma ya maƙale, nan take goma ko ashirin sun kwanta.

Abin da mazambacin ya dogara da shi kenan. Yawancin kamfanonin da ke ƙera madabod suna ɗaukar lanƙwasar allura a matsayin ɓarnar da mai kaya ya yi da hannunsa, garanti ba ya biyan ta. Wanda ya ɓata tasa ya san kamfani ba zai karɓa ba, sai ya mayar da murfi ya rufe, ya nemi wanda zai ɗora wa asarar. Idan kaya ya iso ka buɗe ka gani ka yi magana, amsarsa a shirye take: "Lafiya lau na turo maka, kai ka lanƙwasa wajen saka firosesa." Allurar da ta lanƙwashe ba ta nuna ranar da ta lanƙwashe, ba ta nuna hannun wa. Magana ta zama taka da tasa, kuma kayan a hannunka aka gan shi.

Wadda ta fi ɓata mini rai ita ce madabod da ke tashi. Da yawa daga cikin alluran nan na wuta ne da na ƙasa, masu maimaita juna, don haka ɗaya ta karye kwamfuta na iya kunnuwa kamar babu komai. Amma sashen da ke sarrafa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, a cikin firosesa yake, layukansa duk ta soket suke bi. Mai sayarwa ya san ramin RAM da ya mutu, sai ya saka guda ɗaya a ramin da ke aiki, ya ɗauki bidiyo kwamfuta ta shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ya turo maka a matsayin shaida. Kai kuma ka saka biyu, ka ga rabi kawai take karantawa, ko ta ƙi tashi sam. Wani lokaci ramin M.2, inda ake saka ma'ajiyar bayanai ta SSD, ne ba ya ganin ta, ko katin hoto ya koma gudu a layi 8 ko 4 maimakon 16, ko kwamfuta ta riƙa mutuwa haka kawai. Mai saye zai yi ta zargin RAM, ya canza wannan ya canza wancan, kafin hankalinsa ya kai kan soket wa'adin mayar da kaya ya wuce. Idan kuma allurar da ta kwanta ta taɓa maƙwabciyarta mai ɗauke da wuta, firosesar da ka saya da guminka ma tana iya tafiya.

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka biya, ka ce ya buɗe soket ya ɗauki hoto kusa, da hasken tocila daga gefe, ta kusurwa huɗu. Lafiyayyun allurai tare suke ƙyalli a jere, wadda ta kauce za ka ga ɗigon haske ko duhu inda bai dace ba. Hoton da aka ɗauka daga sama kai tsaye yana ɓoye wannan. Ka nemi bidiyo guda ba yanka, ya fara daga lambar siriyal ya gangaro kan soket, don kada a nuna maka soket ɗin wata madabod. Ka ce a gwada kowane ramin RAM kana gani. Idan ya ce yana tsoron cire murfi kada ya ɓata, ka sani a soket na zamani murfin a jikin farantin ƙarfe yake maƙale, ana ɗaga sandar kulle a ɗaga farantin, allurai su bayyana ba tare da an taɓa su ba. Wanda ya ƙi wannan, ka bar masa kayansa. Haka wanda ya ce ku fita daga dandalin ciniki ka tura masa kuɗi kai tsaye zai rage maka, kariyar da dandalin ke ba mai saye yake son raba ka da ita.

Ranar da kaya ya iso, kunna bidiyo tun kwali na rufe, kada ka tsayar har ka nuna siriyal da soket. Kada firosesa ta kusanci wurin kafin nan. Masu sayarwa na gaskiya su ma su yi haka kafin su tura, domin akwai masu saye da ke karɓar lafiyayya su mayar da tasu da suka ɓata.

Akwai kuma ɓangaren masu gyara. Miƙar da allura aiki ne na gaske, da gilashin ƙara girma da siririn tsinke ake yi, kuma sau da yawa yana yi idan lanƙwasar ba ta yi muni ba. Sai dai ƙarfen ba ya jure a yi ta kai shi ana dawo da shi, yana karyewa. Canza soket gaba ɗaya wani aiki ne daban: da ɗaruruwan ƙwayoyin dalma aka liƙa shi ta ƙasa, sai da injin da ke gasa allon sama da ƙasa ake cire shi a dasa sabo. Wasu za su karɓi kuɗin canji, su miƙar da allurai kawai su ba ka. Wasu su karya ɗaya garin miƙarwa su ce haka ka kawo ta. Ka ɗauki hoton soket a gabansa kafin ka miƙa, ka tambaye shi ya nuna maka injin, kuma ka ce za ka karɓi tsohon soket ɗin da aka cire.

Idan kuwa sabuwa ce ka tarar da ita a lanƙwashe daga kwali, ka sanar da wanda ya sayar maka a ranar, a rubuce, da hotuna, kuma kada ka gwada miƙarwa da kanka, domin da ka taɓa hujjarka ta tafi. Wajen mayarwa ka rufe soket da murfinsa yadda littafin madabod ya nuna, kada ka danna shi a kan allurai. Kamfanoni da dama ba sa karɓar madabod da ta zo babu murfi, shi ya sa bai kamata a jefar da shi ba ko bayan an gama haɗa kwamfuta.